Dalili daban, uzuri daban: inda labari ke karkacewa

Kwana biyu ana ta musu a majalisun shayi na Tahoua, har ya kai WhatsApp: wai duk fim ɗin da ya nuna abin da ya tura mugu ga mugunta, wanke shi ya yi. Abu biyu ake cakuɗawa: dalili da uzuri.

Ga misali: fim kan wani dillalin albasa. Ruwa ya shiga rudunsa, rabin ƴar Galmi ta ruɓe, ana bin sa jika 800. Wannan shi ne dalili, a minti 10 na farko ake dasa shi. Mu wuce.

Yauwa, nan ne wurin. Takardar da ke gabansa, wadda za ta fid da shi daga bashin, ta gonar marayun wansa ce. Kafin ya dangwala yatsa, dole marubuci ya buɗe masa wata ƙofa a idon mai kallo: ya sayar da motonsa, ko ya durƙusa gaban mai bashi ya roƙi wata 3. Ƙofar ta yi ɗaci, amma ta shigu. Ya dube ta, ya kau da kai. Kun ga yadda kyamara ta tsaya kan yatsan? Daƙiƙa 5 ko 6, ba kiɗa, ba magana. A cire wannan, mai kallo zai ce "to, yaya zai yi?", laifin ya koma kan ruwan sama. Dalili ya zama uzuri ke nan. In kuma ƙofar ta cika sauƙi, sai ya zama mugun banza da ba wanda ya san irinsa a unguwa.

Shi kansa zai kawo hanzari: "Aro na yi, in kaka ta yi zan mayar." Ku bar shi ya faɗa, haka mutane suke. Amma a nuna kakar ta zo, ya sayi rago.

Sai sakayya. Don Allah a huta da hatsarin mota a minti 5 na ƙarshe, motocin da aka kifar don hukunta mugu sun isa cika tasha. Mota ba ta san marayu ba. Hukunci daga aikinsa zai fito: shaidar da ya toshe wa baki da jika 20 ya dawo neman ƙari, takardar ta kai gaban alƙali. Kuma a auna, wanda ya ci gona ba sai ya haukace ba.

Ni dai ban ce kowane mugu sai an kama shi ba. Sau nawa Gizo ya sha a tatsuniyar kaka? Ba wanda ya ce ta halatta sata, don mun ji shi yana ƙulla abin, Ƙoƙi na hana shi.

In dillalin zai tuba, kukan gadon likita ba ya biyan marayu. A kai mu gonar, mu ga an mayar da iyaka inda take.