Yadda Farfesoshi Mata Baƙar Fata Suka Haɗa Kai a Birtaniya

Assalamu alaikum masu kallo. A shekarar 2019, idan ka zaga duk jami'o'in Birtaniya kana neman mace baƙar fata mai muƙamin farfesa, 25 kawai za ka samu, a ƙasar da ke da farfesoshi fiye da 20,000. Ko an haɗa maza da mata ma, alƙaluman hukumar ƙididdigar manyan makarantu na shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020 sun nuna baƙar fata 155 ne cikin kusan 23,000.

To me ya kawo haka? Sai mun fara sanin yadda ake zama farfesa a can. Ƙwazo shi kaɗai ba ya kai mutum. Kana buƙatar shugaban sashenka ya goya maka baya, kana buƙatar manyan farfesoshi na wasu jami'o'i su rubuta shaida a kan aikinka, sannan ana duba kuɗin binciken da ka samo da ɗaliban digirin digirgir da ka yaye. Kowane mataki yana hannun wani mutum. Wanda yake da na gaba, tun wurin shan shayi ake raɗa masa lokacin da ya dace ya nemi ƙarin girma da irin abin da kwamiti ke son gani. Wadda ita kaɗai ce baƙa a sashenta, wani lokaci ma a jami'ar gaba ɗaya, wa zai raɗa mata?

Wannan kaɗaicin ne ya sa Farfesa Iyiola Solanke, masaniyar shari'a mai asali da Nijeriya, ta kafa dandalin farfesoshi mata baƙar fata a 2017, lokacin tana Jami'ar Leeds. Aikin farko mai sauƙi ne: su san juna, su kuma fito da sunayensu fili, domin kada mai shirya taro ko mai neman ƙwararre ya sake cewa ya nema bai samu ba.

Daga nan sai Dakta Nicola Rollock ta zauna da mata 20 cikin 25 ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta rahoto wa ƙungiyar malaman jami'a ta UCU. A nan ne, a ganina, lamarin ya sauya. Abin da kowacce ta daɗe tana haɗiyewa a matsayin rashin sa'arta ita kaɗai, sai ga shi yana fitowa daga bakin mata daban-daban: a tsallake ta a ba wanda bai kai ta aiki ba, a ƙi takardarta ba tare da gamsasshen bayani ba, a riƙa yi mata cin fuska a ɓoye. Hausawa kan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wasu daga cikinsu sun ce har daga wajen abokan aiki mata farar fata sun gamu da wariya. Mutum ɗaya idan ya koka, ana iya cewa halinsa ne. Mutum 20 kuwa, dole a saurara. A 2020 aka baje hotunan waɗannan mata a cibiyar Southbank da ke Landan, kowa ya ga fuskokinsu.

Ba su tsaya a kan muƙami ba, sun bi sawun kuɗi. Ƙungiyar Leading Routes, mai tallafa wa baƙar fata a jami'o'i, ta gano cewa cikin guraben tallafin digirin digirgir 19,868 da hukumomin bincike na gwamnati suka bayar a shekaru 3, ɗalibai baƙar fata sun samu 245 ne. Idan tun daga tushe an rage su haka, ina za a samo farfesoshin gobe? A lokacin korona kuma, hukumar UKRI mai raba kuɗin bincike na gwamnati da abokiyar aikinta ta fannin binciken lafiya suka ba da fam miliyan 4.3 don binciken yadda cutar ke addabar baƙar fata da sauran tsiraru, amma babu baƙar fata ko ɗaya cikin jagororin binciken. Mata baƙar fata 10 suka haɗu suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa, dubban mutane suka sa hannu. A 2021, aka ware kusan fam miliyan 8 ga ayyuka 13 na buɗe wa ɗaliban tsiraru ƙofar karatun bincike.

A shekarar dai aka ƙaddamar da shirin kai yawan farfesoshi mata baƙar fata zuwa 100. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne ba matan kaɗai ake zaunarwa ana horarwa ba, kamar su ne da matsalar. Shugabannin sassa da manyan jami'ar, waɗanda sa hannunsu ke kan takardar ƙarin girma, su ma dole su shiga shirin.