Amsoshin Tambayoyinku: Wai Zane Da Kiɗa Sun Taɓa Tsayar Da Yaƙi?

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Jakarmu ta yau cike take maƙil, lokaci kuma ba ya jira, don haka ku yi mana uzuri idan muka yi hanzari a wasu wuraren.

Mu fara da wani ɗalibi daga Maraɗi. Yana son sanin asalin tambarin nan na zaman lafiya, mai da'ira da layuka a ciki, wanda ya ce shi dai sawun kaza yake gani. To samari, kaza ba ta taka wajen ba. Wani mai zane ɗan Ingila, Gerald Holtom, shi ya ƙirƙiro shi a 1958 domin masu tattakin adawa da makaman ƙare dangi.

Sai wata baiwar Allah daga Kumasi, ta ce wai da gaske ne wani mawaƙi ya yi mako guda kwance a gado da sunan zanga-zanga? Da gaske ne, Hajiya. John Lennon ne da matarsa Yoko Ono, a wani otal a birnin Amsterdam cikin watan Maris na 1969, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Sun san 'yan jarida za su bi su duk inda suka sa ƙafa, sai suka zaunar da su a bakin gado suna yi musu zancen zaman lafiya. Amma Hajiya, sau huɗu kika aiko da tambayar nan. Ɗaya ma ta isa, muna karantawa.

Yanzu sai tambayar da ta fi yawa a wannan mako. Ta zo daga Kano, ta zo daga Damagaram, ta zo daga Garwa a Kamaru, amma wadda ta fi taɓa ni ita ce ta wani ɗan'uwa Bahaushen Sudan, wanda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba da gidansa a Khartum. Ya ce da idonsa ya ga matasa sun cika bangaye da zane a zaman dirshan ɗin da aka yi a gaban hedikwatar sojoji a 2019, ya kuma ga yadda aka shafe zanen da fenti bayan an tarwatsa taron. Yau ga inda ƙasar take. Shi ne yake tambaya: me zane ya tsinana? Bari in sake faɗin tambayar domin wanda ya kunna rediyonsa yanzu: shin zane, ko kiɗa, ko wasan kwaikwayo sun taɓa tsayar da yaƙi? Mun miƙa ta ga wani malamin jami'a mai koyar da tarihin zane-zane. Allah ya gafarta Malam, bismillah.

Malam: To, alhamdu lillahi. Ka san ba a shiga wannan magana sai an bi ta kan Gernika. Gernika wani ƙaramin gari ne a arewacin Sifaniya. Ran 26 ga Afrilun 1937, ranar Litinin, ranar kasuwar garin, jiragen yaƙin Jamus da na Italiya suka yi masa ruwan bama-bamai domin taimakon Janar Franco a yaƙin basasar Sifaniya. Pablo Picasso, wani mai zane ɗan Sifaniya, yana Faris ya karanta labarin a jarida, cikin wata guda da 'yan kwanaki ya gama zanen da ya sa wa sunan garin, Gernika. Kuma zane ne ba ƙarami ba, faɗinsa ya kusa mita 8, tsayinsa mita 3 da rabi, ka ga ya fi bangon shago. Ba ja, ba kore, daga baƙi sai fari sai ruwan toka. Ina yawan gaya wa ɗalibaina su bar kallon dokin da bijimin san da kowa ke magana a kai, su dubi gefen hagu: mace ce ta ɗaga kai sama, baki buɗe, gawar jaririnta a hannu. Kai ko ba ka yi boko ba ka san kukan da take yi. Ɗalibanmu na yanzu ma, waya ta ɗauke musu hankali, ba sa iya minti biyu a gaban hoto ɗaya...

Malam, a gafarce ni, lokaci. Ya tsayar da yaƙin?

Malam: A'a, bai tsayar ba. Franco ya ci yaƙi a 1939, ya yi mulki har ya mutu a 1975. Picasso ya ce kada a kai zanen Sifaniya sai an sami 'yanci, shi ya sa zanen ya zauna a Amurka har 1981. Amma ga abin lura. Akwai kwafinsa na saƙa da aka rataye a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Fabrairun 2003, lokacin da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na wancan lokaci, ya je kafa hujjar afka wa Iraƙi, sai aka wayi gari an lulluɓe shi da shuɗin labule. Jami'ai suka ce don hoton talabijin ya fi fita ne. Jama'a da dama ba su gamsu ba.

Mun gode, Malam. Ni ma dai ban gamsu ba, ruwa ba ya tsami banza. Mutum zai tsaya ya yi zancen jefa bama-bamai, ga uwa da gawar ɗanta a bayan ƙeyarsa, wa zai so a ɗauki wannan hoton?

To ɗan'uwa na Sudan, ka ji amsar Malam, ba mu ɓoye maka ba: Iraƙi ma an shiga, wata guda da 'yan kwanaki bayan nan. Amma bari in ƙara maka da labarin wata matashiya mai zane a birnin St Petersburg na Rasha, sunanta Sasha Skochilenko. A ƙarshen watan Maris na 2022 ta shiga wani babban kanti, ta cire 'yan takardun farashin nan da ake maƙalawa a gaban kaya, ta sa nata. Kamarsu ɗaya da na kantin, sai ka matso duba kuɗi ka tarar labarin yaƙin Yukiren ne da mutanen da ake kashewa. Wata tsohuwa da ta zo cefane ta kai ƙara. A watan Nuwamban 2023 kotu ta yanke wa Sasha ɗaurin shekara 7. Takardu nawa ta sauya? Biyar. Ku ji da kyau, 'yan takardu biyar, kowace ba ta kai tafin hannu ba, shekara bakwai a gidan yari. Sai a ran 1 ga Agustan 2024 ta fito, a musayar fursunoni tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma. Ni a ganina, gwamnati mai tankoki da jiragen yaƙi ba za ta ɓata lokacin alƙali a kan takardar farashi ba in da takardar ba ta cizo.

Akwai kuma abin da zane da kiɗa ke yi wanda ba na masu mulki ba ne, na waɗanda aka bari da rai ne. A Sarayebo ta ƙasar Bosniya, ran 27 ga Mayun 1992, makami ya faɗa kan mutanen da ke layin sayen burodi, aka ce 22 sun mutu. Wani makaɗi, Vedran Smailovic, ya sa kayansa na fita taro, ya ɗauki babban gogen nan na Turawa da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi, ya je wurin ya yi ta gogawa, kwana 22, kowane mamaci rana guda, alhali maharba na kan duwatsu. Shekara 20 da fara yi wa birnin ƙawanya, a 2012, aka jera jajayen kujeru 11,541 a babban titi, kowace kujera mutum guda da aka kashe, ɗaruruwa a cikinsu ƙanana ne, na yara. Mutane suka riƙa zuwa suna ajiye furanni da kayan wasa a kai. Ɗan'uwa, zanen da ka gani a Khartum, da yawansa fuskokin waɗanda aka kashe ne. An shafe bango, amma ga shi kai ka riƙe su, har ka rubuto mana daga inda kake gudun hijira. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, ya mai da ku gida lafiya.

Wani mai walda daga Kaduna ya tsoma baki, ya ce su masu aikin ƙarfe ba su da rabo ne a wannan harka? Kuna da shi, Malam, babba ma. A Mozambik, bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1992, wani limamin coci, Dinis Sengulane, ya jagoranci shiri tun 1995: ka kawo bindiga, a ba ka fartanya, ko keken ɗinki, ko keken hawa. Bindigogin sai a yanyanka su a ba masu fasaha. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Kester, ya haɗa kujerar sarauta da guntayen bindigogi zalla a 2001, tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Nan kam bindiga ta bar hannun mutane da gaske.

Ta ƙarshe, daga unguwar Agege a Legas: a Najeriya an taɓa yin irin wannan? Mafi kusa da na sani shi ne na Fela Kuti, ko da yake shi da mulkin soja yake yi. Sojoji sun far wa gidansa a 1977, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a 1978. A 1979 shi da jama'arsa suka ɗauki akwatin gawa suka kai ƙofar barikin Dodan, inda shugaban ƙasa yake a lokacin, suka ajiye.

Ana ta yi mini nuni da agogo. Mai tambaya kan masu zanen bango a Falasɗinu, ki yi haƙuri, da taki za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.