Akuyar Ado a Ingila: Me Ya Sa Dole Sai da Lamba a Kunne?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da wannan lokaci.

Ku dubi kunnuwan wannan akuyar. Roba ce aka huda aka maƙala, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kowace da lambobi a jiki. Akuyar nan ba ta kasuwa ba ce, ba a tatsar ta, ba kuma wanda ke turke ta don salla. A bayan gidan wani take a Ingila, tana da suna, yara na wasa da ita yadda suke wasa da kyanwa. Duk da haka, in babu robar nan a kunnenta, mai ita ya taka doka.

Turawa da yawa masu sayen awaki don sha'awa sai sun saya suke gane haka. Irin da suka fi so su ne gajerun nan masu tulun ciki, waɗanda kakanninsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, dangin gajerun awakin da ake gani a kudancin Najeriya da Kamaru. Mutum ya ga hotonsu a intanet, sun shiga ransa, ya biya kuɗi, washegari ya wayi gari makiyayi ne shi a idon gwamnati. Kare da kyanwa suna da nasu babin daban. Akuya kuwa dabbar gona ce a wurin hukuma, ko guda ɗaya ce tilo, ko a falo take kwana. Ƙa'idar da ta hau kan mai garken ɗari biyar, ita ce ta hau kan mai guda biyu.

Tun kafin akuyar ta taka gidan ake fara aiki. Wurin da za ta zauna sai an yi masa rajista, a ba shi lambar da ake kira CPH, daga hukumar RPA mai kula da biyan kuɗaɗen manoma. Lambobi tara ne a kashi uku: biyun farko na yanki, uku na tsakiya na gunduma, huɗun ƙarshe na filin kansa. Ko ɗan tsakar gida ne mai ciyawa, sai ya samu tasa. Daga nan sai a sanar da APHA, hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai, cikin kwana 30 da zuwan dabbar, su kuma su ba da lambar garke mai lambobi shida. Da wannan lambar garken ake yin odar 'yan kunnen, kuma ba a kowane shago ba, sai a kamfanonin da gwamnati ta amince da su. Su ma ba daga kansu suke ƙago lambar ba, daga rumbun bayanai guda ake ba su, don kada awaki biyu a ƙasar su tashi da lamba ɗaya.

Ga yadda rubutun yake a jikin robar. Haruffa biyu a farko, UK, wato Birtaniya. Sai lambar garken da aka haifi akuyar a cikinsa. Sai lambarta ita kaɗai. Ku riƙe wannan: garken haihuwa ne, ba na wanda ya saya ba. Ko hannu goma ta canza, lambar da aka sa mata a gidan farko ita za ta bi ta har mutuwa, sai dai in ɗan kunnen ya ɓace aka sa mata sabuwa.

To me ya kawo duk wannan tsanani a kan akuya?

Mu a gida mun san sa wa dabba shaida. Wani ya tsaga kunne, wani ya shafa fenti a gadon baya, wata ta ɗaura ƙyalle a wuya, don in awakin unguwa sun cakuɗe da yamma kowa ya gane tasa, in kuma ɓarawo ya kai ta kara a iya cewa wannan ta gidan wane ce. Wannan shaidar mallaka ce. Ta Ingila ba don mai akuya aka yi ta ba. Don ranar annoba aka yi ta, ranar da likitan gwamnati zai tsaya a kan dabba mai ciwo yana so ya san inda ta fito, inda ta kwana, da waɗanda ta shaƙi numfashi ɗaya da su.

Sun ɗanɗana rashin wannan a 2001. A watan Fabrairu na shekarar, aka ga aladu suna ɗingishi a wata mayanka a yankin Essex, a kudu maso gabashin Ingila. Da aka gwada, sai ga boru, ciwon baki da kofato. Aka bi sawu har wata gonar aladu a Northumberland, can arewa, inda ake ciyar da su da ragowar abinci. Amma kafin kowa ya farga, ciwon ya riga ya tsallaka zuwa tumakin wata gona da ke kusa, an kai tumakin kasuwar Hexham, daga can wasu suka wuce kasuwar Longtown, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin tumaki na ƙasar. Dillalai suka saya, suka sayar, suka sake saya, manyan motoci suka watsu da su gabas da yamma.

Abin da ya sa boru ke da wuyar kamawa a ƙananan dabbobi shi ne ba ya nuna kansa sosai. Saniya in ta kamu, za ka ga dalala na zuba, harshe ya yi ƙuraje, ta ƙi kiwo. Tunkiya ko akuya kuwa sai ta ɗan yi ɗingishi na kwana biyu, ko ma ba ta nuna komai ba, alhali tana rarraba ciwon duk inda ta sa ƙafa. A lokacin kuma ba kowace tunkiya ke da lambarta ta kanta ba, cinikin da ake yi a gefen kasuwa da yawa ba a rubuta shi. Jami'ai suka riƙa tambayar ina tumakin nan suka nufa, amsa ta gagara. Da ba a san wadda ta kamu da wadda ba ta kamu ba, sai aka koma kashe na gonar da ciwon ya ɓulla da na maƙwabta gaba ɗaya. Gonaki fiye da 2,000 aka tabbatar da ciwon a cikinsu, amma dabbobin da aka hallaka sun haura miliyan 6. Aka tara gawarwaki ana ƙonawa a fili, hayaƙi ya turnuƙe ƙauyukan yankin Cumbria da ke arewacin Ingila, aka rufe hanyoyin ƙafa na karkara, har zaɓe sai da gwamnatin Tony Blair ta ɗage daga Mayu zuwa Yuni. Kuma wutar ba ta tsallake dabbobin ado ba. Akwai waɗanda 'yar tunkiyarsu ko akuyar da suka raina da kwalbar madara ta tafi a cikin wannan kisan.

Bayan wannan ne Tarayyar Turai ta fito da dokar shaidar tumaki da awaki mai lamba 21/2004. Birtaniya ta fice daga Tarayyar, amma ba ta yar da tsarin ba.

Yanzu mu koma kan ɗan akuyar da aka haifa a gidanka. Yaushe za a huda masa kunne? In a ɗaki ko rumfa yake kwana, kafin ya cika wata 6. In a fili yake kwana, kafin wata 9. In kuwa zai bar gidan kafin lokacin, ko sayarwa ce, ko kyauta, ko kai shi wurin nuni, to sai an sa masa kafin ya fita ƙofa. Rangwame ɗaya ne: in ciwo ya taso na gaggawa, kana iya ɗaukarsa haka nan ka kai wa likitan dabbobi, amma da kun dawo sai a sa, a kuma rubuta fitar a littafin bayanan dabbobi da mai kiwo ke ajiyewa.

Akuyar da za a riƙe ta wuce shekara, kamar duk akuyar ado, shaida biyu ake sa mata masu lamba iri ɗaya, don in ɗaya ta faɗi ɗaya ta rage. Ɗan kunne guda ɗaya tal na waɗanda za a yanka ne kafin su cika wata 12. A nan akuya ta fi tunkiya samun sauƙi. Tunkiya dole ɗaya daga cikin biyun ya zama na lantarki, mai ƙwayar da na'ura ke karantawa. Akuya ba dole ba ne, ganin damar mai ita ne, muddin ba ƙasar waje za a fitar da ita ba.

Masu awakin ado sun fi kowa ƙorafi a kan hudar kunnen, kuma ni dai ban ga laifinsu ba. Kunnen gajeriyar akuya ɗan mitsitsi ne, ita kuma akuya ba ta ga ramin da ba za ta cusa kai ba. Ta zura kai cikin wayar shinge, robar ta maƙale, ta fizge, kunne ya tsage gida biyu. Wata kuma 'yar'uwarta ce za ta zauna tana tauna mata robar har lambar ta goge. Shi ya sa doka ta buɗe wata ƙofa: shaida ɗaya ta zama a kunne, ta biyun kuma tana iya zama jarfa, ko wani abin roba da ake zagayawa a wuyan ƙafa, sama da kofato.

Launi ma magana yake yi. Rawaya na lantarki ne. Baƙi yana nufin dabbar ta haɗiyi ƙwayar lantarki, tana zaune a tumbinta. Ja kuwa yana cewa wannan ba ɗan kunnenta na asali ba ne, an canza shi a gidan da ba nan aka haife ta ba. Don haka mai sayen 'yan kunne na yau da kullum yana iya zaɓar kore ko shuɗi ko ruwan lemo, amma waɗannan ukun ba na kwalliya ba ne.

In ɗan kunne ya faɗi, ko lambar ta daina karantuwa, kwana 28 gare ka daga ranar da ka lura. Ko ka yi odar wani mai lamba irin ta da, ko ka sa sabbin biyu, ka rubuta tsohuwar lamba da sabuwa a littafi, yadda sawun ba zai yanke ba. Abin da ba a yarda ba shi ne ka cire don ya ɓata mata kyau a hoto. Sai in wurin ya rure ne, shi ma da ya warke a mayar.

Kuma yawancin rurewar daga wurin sawa take. Ku duba nan. Kunnen akuya yana da layukan guringuntsi biyu da suka miƙe tsawonsa, da jijiyoyin jini a gefe. Tsakanin layukan ake hudawa, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gindin kunne. In ya matsa can kusa da kai, zai matse, iska ba ta shiga, sai ruɓa. In ya yi can bakin kunne, abu kaɗan zai fizge shi. A tsoma robar da filayar a maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani ya riƙe kan da kyau, tsinin ya shiga ta bayan kunne, a matse sau ɗaya da ƙarfi a saki. Mai jinkirin hannu shi ke yaga kunne. Bayan 'yan kwanaki a duba, a ɗan juya robar a ga tana motsi. Masu kiwo a can sukan kauce wa tsakiyar bazararsu, lokacin da ƙuda ke yawa, don kada tsutsa ta shiga ciwon.

Lambar kunne ita kaɗai ba ta gaya wa kowa inda akuya ta je. Takarda ce ke yin wannan. Duk fita da duk shiga, akwai takardar tafiya da ke bin dabbar, wanda ya karɓa kuma shi zai kai rahoto ga ofishin bayanan dabbobi na LIS cikin kwana 3, ko ta intanet ko a takarda. Sannan da sabuwar akuya ta shigo, sai gidan ya tsaya cik na kwana 6: ba akuya, ba tunkiya, ba saniyar da za ta fita zuwa wata gona. Hikimar ita ce, in baƙuwar ta zo da ciwo, a ba shi lokaci ya bayyana kafin ya ƙara gaba. Da akwai wannan a lokacin kasuwar Longtown, da dillali bai sayi tunkiya yau ya tura ta wani gari gobe ba.

'Yan'uwanmu mazauna Ingila da ke sha'awar ajiye 'yar akuya a bayan gida, ga wani abu da zai ba ku mamaki fiye da hudar kunne. Ƙanzo, ragowar tuwo, ɓawon dankalin da aka fere a kicin, duk haramun ne a doka a zuba wa akuya, ko ta ado ce. Tun bayan gonar aladun nan aka toshe wannan hanyar, saboda gudun abincin da ya taɓa nama ko madara. In kuma ta mutu, ba a haƙa rami a lambu a binne ta kamar yadda ake yi wa kare. Masu lasisin kwashe mushe ake kira, a rubuta mutuwar a littafi.

Littafin nan, ko na takarda ne ko a kwamfuta, jami'an ƙaramar hukuma ko na RPA suna iya zuwa su ce a kawo shi, su kama kunnen akuya su gwada da abin da ke rubuce. Shekara 3 ake ajiye bayanan. Kuma kowace shekara, ranar 1 ga Disamba, duk mai tumaki ko awaki a Ingila sai ya ƙirga abin da ke gidansa ya aika wa gwamnati, ko da abin da zai rubuta a gurbin bai wuce 2 ba. Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa kowace tana da nata ofishin, don haka wanda zai sayo akuya daga ƙetaren iyakar Ingila, sai ya duba na ɓangarorin biyu kafin ya sa ta a mota.