Jaririn Ba'indiye da aka haifa a waje, fasfon wace ƙasa zai riƙe?

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa gidajen Indiyawa mazauna ƙasashen waje ne, kan wata shawara mai nauyi da ke faɗo wa iyaye tun jariri ko zama bai fara ba.

Mu a Najeriya abun zai iya bamu mamaki, don sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bar wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe fasfo biyu, shi yasa zaka ga yaro da koren fasfo a aljihu ɗaya na Ingila a ɗayan kuma ba wanda zai ce masa kanzil. Toh Indiya bata yarda da wannan ba sam. Dokarsu ta zama ɗan ƙasa ta 1955 cewa tayi duk wanda ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da son ransa, shikenan ya fita daga cikin 'yan Indiya.

Yaron da aka haifa a waje kuwa ta jini yake samun nashi, da can sai ta wajen uba kaɗai, sai daga Disambar 1992 aka ce uwa ma ta wadatar. Amma daga 3 ga Disamba 2004 an ƙara sharaɗi, dole a je ofishin jakadancin Indiya a yi wa haihuwar rajista cikin shekara ɗaya, kuma iyaye su sa hannu cewa yaron baya riƙe da fasfon wata ƙasa. In shekarar ta wuce sai an nemo izini daga gwamnatin tarayya.

Ku kwatanta min wani magidanci a garin Edison na jihar New Jersey, injiniyan kwamfuta ne da ya shigo Amurka da bizar aiki ta H-1B, matarsa tana jego, surukarsa tazo daga Hyderabad tana ta fama da wankan jariri da dafe-dafe, shi kuma yana zaune a falo da fom guda biyu a kan tebur. Ɗaya na fasfon Amurka, don gyara na 14 da aka yi wa kundinsu a 1868 ya ba wanda aka haifa a ƙasar zama ɗan ƙasa, ko da yake Trump ya sa hannu a wani umarni ranar 20 ga Janairu 2025 don toshe wannan ƙofa ga 'ya'yan masu bizar wucin gadi, maganar da ta kai su kotu. Ɗaya fom ɗin na Indiya ne. Shi kanshi uban bai san ranar da zai samu takardar zama ta dindindin ba, saboda Amurka ta ƙayyade wa kowace ƙasa kashi 7 cikin ɗari na waɗannan takardu, Indiyawa kuma sun yi yawa, layin ya kai mutum ya tsufa a cikinsa. In aiki ya ƙare gobe gida zasu koma, in kuwa fasfon Amurka ya zaɓa wa yaron, zai sauka a filin jirgin ƙasar iyayensa ya bi layin baƙi.

In kuma ya zaɓi na Indiya ma bai huta ba, don yaron ɗan Amurka ne ta haihuwa, dokar Amurka kuwa tana so ɗan ƙasarta ya shiga ya fita da fasfonta ne, kuma Indiya ta ce in yaron ya cika shekara 18 wata shida kacal gareshi ya ajiye ɗayar ƙasar, in bai yi ba ta cire shi.

Shi yasa da yawa suke ɗaukar fasfon waje su haɗa da katin OCI, wanda aka kawo a 2005 bayan Indiyawan ƙetare sun daɗe suna kuka. A suna wai ɗan Indiya mazaunin ƙetare, amma gaskiyar magana biza ce ta har abada. Zaka shiga ka fita yadda kake so, ka zauna, kayi aiki, ka sayi gida. Ba zaka yi zaɓe ba, ba zaka tsaya takara ba, aikin gwamnati ba naka bane, kuma tun 2021 in aikin jarida ko bincike zaka yi sai ka nemi izini na musamman. Ana kuma iya ƙwace shi, a 2019 an soke na marubuci Aatish Taseer da hujjar wai ya ɓoye cewa mahaifinsa ɗan Pakistan ne, alhali a Delhi ya tashi a hannun mahaifiyarsa.

Ba ko'ina ake da wannan zaɓi ba fa. A Dubai da Saudiyya da Kuwait inda miliyoyin Indiyawa ke neman na kansu, haihuwa bata sa ka zama ɗan ƙasa, fasfon Indiya ne kawai. Ingila ma ta rufe tun Janairun 1983 sai in ɗaya cikin iyaye ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin. Ko nan Kano, ɗan Ba'indiyen da aka haifa a asibitinmu yana jin Hausa kamar jakin Kano, in babu ɗan Najeriya a iyaye ko kakanninsa bai zama ɗan ƙasa ta haihuwa ba, sai a kai takardunsa ofishin jakadancinsu.

Ni dai a ganina Indiya ta matsa wa nata da yawa. Na fahimci tsoron, ƙasa ce da aka tsaga a 1947 aka yi jini, maganar wane ne namu wane ne ba namu ba bata zo musu da sauƙi ba. Amma yau shekara nawa? Gwamnati da bakinta ta faɗa wa majalisa cewa sama da mutum 200,000 suka ajiye zama 'yan Indiya a 2022, haka ma a 2023, kuma waɗannan mutanen na ƙetare su ne ke turo sama da dala biliyan 100 gida a shekara, fiye da na kowace ƙasa a duniya. Mafi yawansu ba ƙin ƙasar suka yi ba, doka ce ta ce musu ko wannan ko wancan.

Ko ba za a buɗe ƙofar gaba ɗaya ba, a bar yaro ya riƙe duka biyun ba tare da an sa iyaye rantsuwa ba har yayi hankali ya zaɓa da kanshi. Don yanzu yadda abun yake, yaron nan na Edison in ya girma da katin OCI ya koma ƙauyen kakansa, doka ta yarda ya gaji gonar tsohon, amma in maƙwabci ya sa tashi a kasuwa ba shi da ikon saye.

Sai kuma wani jiƙon, a huta lafiya.