Hatimin notari a Ingila, ashe ofishin limamin coci ke riƙe da linzaminsa

Salamu alaikum jama'a, mutanen Kabi na gida da na waje. Yau kam abin mamaki na kawo muku. A ƙasar nan ta Ingila, notari, mai buga hatimi a takardar da za ta ƙetare teku, ba ƙungiyar lauyoyi ke ladabtar da shi ba. Ofishin Akbishop na Kantabari ne, babban limamin cocin Ingila, ke ba shi lasisi, kuma kotun wannan ofishi ce ke dakatar da shi ko ta kore shi daga aikin. Tun 1533 abin yake haka, zamanin da Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma. Lokacin fa Kanta yana zaune a Surame! Mu a gida Alƙalin Alƙalan Najeriya ke naɗa notari, kuma ni dai namu tsarin ya fi kwanta mini.

Abin ya shafe ka ranar da za ka wakilta ƙanenka ya sayar maka da fili a Birnin Kebbi ko gonar shinkafa a fadamar Argungu. Za ka je gaban notari da fasfo da shaidar adireshi, ka sa hannu yana kallo. Kada ka sa hannu tun daga gida, sake takardar za a yi, kuɗin kuma wajen fam ɗari ne. Daga nan sai ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta tabbatar da hatiminsa, wasu fam 45 ke nan. Kafin ka biya ko sisi, nemi sunansa a rajistar Faculty Office, wato ofishin nan na Akbishop, a intanet. Solisita, wato lauyan da ke ba da shawara da shirya takardu, da yawansu ba notari ba ne, hatiminsu ba ya maye gurbin wancan.

Su solisita, hukumar da ke sa musu ido, SRA, ke kansu tun 2007. Kuɗinka ba ya haɗuwa da na ofishin lauya, asusunsa daban ne, kuma dole kowane ofishi ya riƙe inshorar aƙalla fam miliyan 2. In aka ji ƙanshin rashin gaskiya, SRA na iya rufe ofishin, ta kwashe fayiloli, ta riƙe asusun. Manyan laifuka kuma kotun ladabtarwa ake kai su, SDT, wadda tararta ba ta da iyaka, tana kuma goge suna daga rajista. Hukuncin a intanet ake baza shi, da sunan mutum da abin da ya aikata. Wallahi mu da muka taso da sutura, abin da nauyi. A Jega da tuni an tura dattawa an kashe wutar a zaure. Amma wanda aka cinye wa kuɗin gida, wa ya yi masa sutura?

Inda 'yan uwanmu ke faɗuwa shi ne ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Jinkiri, ƙin amsa waya, cajin da ya wuce kima, wannan ba na SRA ba ne. Ka rubuta wa ofishin lauyan kansa, a rubuce fa, ba saƙon murya a WhatsApp ba. Yana da mako 8 ya amsa. Bai gamsar da kai ba, ka tafi Legal Ombudsman, ofishin sauraron koke-koke kan lauyoyi, kyauta ne, amma cikin wata 6 da amsarsa ta ƙarshe, kuma kada shekara 1 ta wuce daga ranar da abin ya faru ko ka gano shi. Wannan haƙurin namu na "bari a ga bayan salla" shi ke cinye wa'adin.

A gida ma ba a sake suke ba, kada wani ya raina mu. Akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, a Abuja, kuma yana cire suna daga rajistar Kotun Ƙoli. Mutane ne ba su saba kai ƙara ba.

Sai masu "na san hanyar biza" da ke tare mutane bayan sallar Juma'a. Ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ba laifi ne a dokar nan. Ka tambaye shi lambarsa ta SRA ko ta IAA, hukumar da ke yi wa masu ba da shawarar shige da fice rajista, ka duba a wayarka yana tsaye. Kuma kada ka tura kuɗin aiki asusun da ke ɗauke da sunan mutum, ko da ɗan unguwarku ne.