Bishiyar Inuwa da Ganyen da Take Zubarwa

Daga laccar da aka gabatar a Abuja, kamar yadda aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana, sannunku da zuwa.

Tun da aka dawo da fadar gwamnati nan a 1991 gini ake yi. Amma ku zaga sababbin unguwanni wajen Lugbe ko Kubwa da rana tsaka a watan Maris, za ku ga mai jiran mota ya rakuɓe jikin katanga yana neman inuwa. Abin da muke dasawa su ne dogayen itatuwan nan sirara da ake jerawa jikin katanga, ko akuya ba za ta fake a ƙarƙashinsu ba.

Na sha tambayar masu gida dalili. Amsar ɗaya ce: manyan bishiyoyi suna zubar da ganye, shara ta yi yawa. Wannan magana tana damuna ƙwarai. Ɗorawa da maje da rimi suna kaɗe ganye ne da rani don su tsimi ruwan jikinsu, lokacin hunturu, sa'ad da kowa ke neman hantsi. Ku lura da maje: kafin ruwan farko ya sauka ya fito da sabon ganye jajaja, zafin bazara na zuwa ya tarar da inuwa a shirye. Gawo ne kaɗai ya saɓa, shi da damina yake tuɓewa. Ganyen da ya zuba kuwa taki ne. A tara shi a gindin ya ruɓe, ƙasa ta riƙe laima. Don Allah a daina cinna masa wuta a wurin, ɓawon yake ƙonawa, bayan 'yan shekaru a ce bishiya ta mutu da kanta.

Wajen dashe, filayenmu jar ƙasa ce da motocin gini suka danne, ga ɓaraguzan bulo. A haƙa rami mai faɗi, a kwashe tarkacen, a gauraya da taki, a dasa a Mayu ko Yuni. Rani biyu na farko sai da ban ruwa da shinge saboda awaki. Kada a shafe gindin da siminti, ta nan saiwa ke shan ruwa da iska. A kuma ɗaga kai a duba wayar lantarki.

Hajiya da ke zaune a baya ta yi tambaya kan dasa cediya. Ranki ya daɗe, inuwarta ba ta da na biyu, amma saiwarta na fasa kwata da tushen gini. Ki bar ta ga filin makaranta ko na Idi, ita da rimi.