Death Cafe: inda ake zuba shayi, a yanka kek, a yi hirar mutuwa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar da na zo da ita irin wadda in ka ɗauko ta a cikin mutane ce take wani zai ce kai dan Allah bar zancen nan, kar ka ja mana. Maganar mutuwa ce. Ba wa'azi zan yi ba, labarin wani irin taro zan baku wanda ake yi a ƙasashe da dama yanzu, sunansa Death Cafe. Mutanen da basu san juna ba ne suke haɗuwa a wuri ɗaya, a zuba shayi, a yanka kek, su zauna wajen awa biyu babu abin da suke tattaunawa sai mutuwa. Kuma fa ba rasuwa aka yi musu ranar ba, ba gawa a gabansu, yawancinsu lafiyarsu ƙalau, da ƙafarsu suka tako saboda akwai abin da yake cin su a rai game da mutuwa kuma a gida an ƙi saurarensu.

Bari mu fara daga tushe. Akwai wani masanin zamantakewar al'umma ɗan ƙasar Suwizalan, Bernard Crettaz, an haife shi a 1938 a wani kwari da ke cikin duwatsu mai suna Val d'Anniviers. Mutanen kwarin nan a da suna da wata al'ada da ni dai ta tsaya min a rai, mutum tun yana da ƙarfinsa zai ware wani ƙaton curin cuku ya kai ɗakin ƙasa ya ajiye, ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba, na ranar da za a binne shi ne, wanda waɗanda suka raka gawarsa zasu dawo su ci. Shekaru cukun yana nan a kan katako yana bushewa yana tauri, mai shi duk sanda ya sauka ɗauko wani abu sai ya gan shi, 'ya'yansa ma sun san na mene ne. Kunga yaron da ya tashi a irin wannan gida ba sai an zaunar da shi an ce masa babanka zai mutu wata rana ba. Matar Crettaz, Yvonne Preiswerk, ita ma masaniya ce kuma ta yi bincike sosai a kan waɗannan al'adun binne mamaci na mutanen duwatsu. Ta rasu a 1999.

Toh shi Crettaz da ya zauna a birni, ya yi aiki a gidan adana kayan al'adu na Geneva, sai ya ga abin ya juye gaba ɗaya. Mutuwa ta bar gida ta koma asibiti, wankan gawa da shirya ta ya koma hannun kamfanoni, mutum sai ya girma har ya yi furfura bai taɓa zama kusa da mai shirin cikawa ba, kuma duk wanda ya ɗauko zancen a wurin cin abinci sai a bi shi da kallo kamar ya yi saɓo. A ganinsa wannan rufa-rufar zalunci ce ake yi wa mutane. Shine a 2004 ya kira taro na farko a wani gidan cin abinci a garin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan, ya sa masa suna Café mortel da Faransanci. Da gangan ya zaɓi gidan cin abinci, don nan ne talaka da mai kuɗi suke sakin jiki su yi surutu, ba coci ba, ba ajin jami'a ba, ba ofishin likita ba.

A 2010 ya kai irin taron birnin Paris, wata jaridar Ingila ta ba da labari, wani mutum a Landan mai suna Jon Underwood ya karanta. Shi ba likita ba ne ba kuma malamin jami'a ba, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a gabashin Landan, mai bin addinin Buddha, dama kuma tunanin mutuwa ya daɗe yana masa yawo a kai. A watan Satumba na 2011 ya shirya Death Cafe na farko a cikin gidansa da ke unguwar Hackney, kuma mahaifiyarsa Sue Barsky Reid, wadda aikinta dama sauraren masu damuwa ne da basu shawara, ita ta jagoranci zaman. Bayan nan suka rubuta ɗan littafin jagora suka sa a intanet kyauta, duk mai so ya ɗauka ya shirya nasa. A 2012 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai aiki da marasa lafiyar da ajalinsu ya kusa, Lizzy Miles, ta yi na farko a Amurka a jihar Ohio. Daga nan abu ya bazu, an yi dubbai a ƙasashe sama da 80, a ɗakunan karatu, a shagunan shan kofi, a falon mutane, har a maƙabarta, lokacin korona kuma aka koma yi ta Zoom.

Yanzu ya zaman yake? Ka shigo, an jera kujeru an zagaye tebur, mutum takwas ko goma, in an yi yawa a raba ku rukuni rukuni. Mai jagoranci zai faɗi ƙa'ida a taƙaice, duk abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, ba a katse mutum, ba a yi masa gyara a kan imaninsa, wanda baya son magana ya yi shirunsa ba dole. Sai ya yi tambaya ɗaya wadda kusan ko'ina da ita ake buɗewa, me ya kawo ka nan yau? Shikenan fa. Babu jadawali, babu babban baƙo mai jawabi, babu allo. Da farko wurin yakan yi tsit, kowa ya sa ido a kofinsa yana juya cokali, sai can wani ya yi gyaran murya.

Irin abin da ke fitowa kuwa, a ce wata ta ce mahaifinta ya yi wata da watanni a gadon asibiti, likita ya gaya musu gaskiya amma suka haɗa baki suka ɓoye masa, kullum in ya ce ina jin ba zan tashi ba sai su ce haba Baba daina faɗin haka, zaka warke, har ya cika bai samu ya faɗi abin da yake son faɗa ba, kuma ita yanzu abin da ke hana ta barci shine ta gane ya sani sarai, su yake lallaɓawa. Wani ya ce shi ba mutuwar yake tsoro ba, tsoronsa a jona masa injin numfashi ya kwanta baya gane kowa. Wata ta ce mijinta ya rasu wayarsa a kulle, hotunan yaransu da lambobin mutanen da yake bi bashi da waɗanda suke binsa duk suna ciki, ba wanda ya san lambar sirrin. Wani matashi ya ce abokinsa ya kashe kansa kuma tun ranar babu wanda ya ƙara ambatar sunansa a gabansa. Ana kuka, eh, amma waɗanda suka saba shirya taron suna yawan cewa ana dariya sosai, irin dariyar mutumin da ya sauke kaya.

Kek ɗin nan kar ku ɗauka ado ne. Jon Underwood ya sa shi cikin sharuɗɗa, dole a samu abin sha da abin taɓawa. Dalilin a fili yake, mutumin da ke tauna abu jikinsa yana gaya masa har yanzu yana raye kuma yana cikin aminci, sannan in magana ta yi nauyi hannu yana da abin yi, ka miƙa wa na kusa da kai faranti maimakon ka rasa inda zaka sa idonka.

Sauran sharuɗɗan su ne a ganina suka riƙe abin har ya kai yau. Ba a yin sa don riba. Kuma ba a yarda a ja mutane zuwa ga wata matsaya ko wata haja ko wani mataki ba. Ma'ana mai kamfanin akwatin gawa ba zai zo ya raba katinsa ba, mai inshora ba zai yi talla ba, mai fafutukar a halatta wa likita taimaka wa mara lafiya ya mutu ba zai mayar da wurin dandalin kamfen ba, haka mai adawa da shi, mai addini ba zai yi da'awa ba, wanda bai yarda da addini ba shi ma ba zai yi wa kowa ba'a ba. Kana iya faɗin abin da ka yi imani da shi, wannan naka ne, amma baka isa ka ce wa ta gefenka ta yi kuskure ba. Ku duba da kyau, kusan duk inda ake zancen mutuwa a rayuwarmu akwai mai magana ɗaya da ya fi kowa sani sauran suna saurare, ko likita ko lauya ko malami, kuma kowannensu da amfaninsa wallahi, amma wurin da za a ce kai, kai ɗin nan, ya kake ji, kuma a bari ka gama ba a gyara maka ba, wannan wurin yana da wuyar samu.

Nasan wani zai ce toh mu ai masu addini ne, kullum ana tuna mana mutuwa, me zamu koya a wurin waɗannan? Gaskiya ne tuna mutuwa ba baƙon abu ba ne ga mai imani, mutuwa rigar kowa, duk mun haddace. Amma ka tambayi kanka, matarka ta san bashin da ke kanka? 'Ya'yanka sun san inda takardun gida suke? In ciwo ya kai inda likitoci suka ce ba sauran magani, ka taɓa gaya wa wani ko kana son a maida kai gida ko a barka a asibiti? Ka taɓa tambayar mahaifiyarka me take tsoro? Mutum yana iya jin wa'azin mutuwa shekara da shekaru ya yi kuka ya share hawaye, amma ya kasa zama da ɗan uwansa na minti goma a kan tasa mutuwar, da sunansa, da asusunsa na banki, da wanda zai riƙe masa yara. Kuma ƙin faɗin baya ƙara wa kowa kwana ɗaya, sai dai ya bar na baya da rigima da da-na-sani. A Ingila ma da suke da asibitoci da tsari, in an tambayi mutane yawanci suna cewa sun fi son su cika a gida, amma kusan rabin mace-macen a asibiti suke faruwa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shine ba a yi maganar da wuri ba, sai da mara lafiya ya daina iya magana sannan dangi suka fara tambayar juna me zai so.

Ba Death Cafe kaɗai ba ne a wannan fagen. A Amurka akwai Death Over Dinner da Michael Hebb ya fara a 2013, shi kuma iyali da abokai ake gayyata cin abincin dare a yi maganar, a Birtaniya akwai makon Dying Matters na wayar da kai a kan maganar mutuwa da ake yi duk shekara. Kafin su duka kuma akwai aikin wata likita, Cicely Saunders, wadda ta buɗe St Christopher's a Landan a 1967, gidan jinyar da ya nuna wa duniya cewa wanda ba zai warke ba har yanzu yana da haƙƙin a rage masa zafi a kuma saurare shi.

Amma bari in faɗi inda abin yake da iyaka, don kar wani ya ɗauka maganin komai ne. Su kansu masu shi sun faɗa ƙarara cewa wannan ba wurin jinyar baƙin ciki ba ne. Wanda ya binne ɗansa makon jiya, ko wanda tunanin kashe kansa yake zo masa, ba teburin baƙi yake buƙata ba, yana buƙatar nasa na jiki da ƙwararren da ya san aikin, kuma mai jagoranci na kirki zai ja shi gefe ya nuna masa inda zai je. Sannan tunda kowa yana iya shiryawa, wani zaman zai yi kyau wani kuma mutum ɗaya mai surutu zai cinye shi. Akwai kuma ƙorafin da ake yi cewa masu zuwa yawanci mata ne, masu ilimi, waɗanda dama a shirye suke su yi maganar, shi kuwa magidancin da ya fi kowa buƙata, wanda ko asibiti sai an yi da gaske yake zuwa, baya leƙowa. Wannan ƙorafin ina ganin yana da ƙamshin gaskiya, kuma har yanzu ba a warware shi ba.

Shi Jon Underwood, a watan Yuni na 2017 ya yanke jiki ya faɗi, ashe sankarar jini ce mai saurin kisa wadda ba a gano yana da ita ba, cikin 'yan kwanaki ya rasu yana da shekara 44, ya bar matarsa da yara biyu. Mahaifiyarsa Sue da 'yar uwarsa Jools Barsky suka ci gaba da riƙe aikin. Bernard Crettaz ya rasu a 2022. Littafin jagorar yana nan a shafinsu kyauta, kuma duk wanda ya yarda da sharuɗɗan yana iya amfani da sunan ya shirya nasa ba tare da ya biya ko sisi ba, abin da ake nema a wurinsa ɗaki ne da ba hayaniya, da mutum ɗaya mai haƙurin saurare wanda zai iya dakatar da duk wanda ya fara talla ko huɗuba, sai abin sha da kek.